Gafakar da Kika Ɗinka wa Littafina

Zuwa ga Inna,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da na saba, a durƙushe, kaina a ƙasa. Allah ya haskaka makwancinki, ya sa kin huta.

Na san ba za ki karanta wannan takarda ba. Ko da kina raye ma sai dai a karanta miki, tunda ba ki yi boko ba. Wannan ɗin ne ma ya sa na zauna rubutu yau. Rashin karatunki na samu, na yi miki abin da na yi, kuma har kika koma ga Allah ban buɗe baki na faɗa miki ba.

Kin tuna ranar? Kwana na uku ne da kulle mu a gida saboda cutar korona, ga azumi a baki. Kin zo daga Disina a duba miki ido, da niyyar kwana biyu ki koma, ko zanin canji na kirki ba ki ɗauko ba. Sai aka rufe hanya, aka rufe kasuwar Azare, Baban Ummi ya dawo gida ya zauna, ba shago ba masallacin Juma'a. Gidanmu da ɗaki biyu da tsakar gida kamar tafin hannu ya zama shi ne duniyar gaba ɗaya. Ranar bayan azahar ina zaune a bakin ƙofar ɗakina da littafi a cinya. Kika jawo tabarmarki kusa, kika ce, Amarya, wai me ke cikin takardar nan da ba kya ɗaga kai? Ki karanta mini ko kaɗan ne, in rage rana.

Shekara bakwai da aurena, da 'ya'ya biyu, amma ke Amarya kike kirana.

Inna, littafin soyayya ne. Na biyu ne a cikin uku. Labarin wani matashin likita ne da wata marainiya, kuma daidai lokacin da kika yi tambayar ina kan shafin da ya shigo ɗakinta daren kai amarya ya kama hannunta. Ta yaya zan karanta wa uwar mijina wannan? Ni da ko abinci ba na iya ci a gabanki? Kunya ta rufe ni. Da ma na naɗe bangon da takardar tsohuwar kalanda don kada yara su ga hoton da ke kai. Sai na ji bakina yana cewa littafin addini ne, na hukunce-hukuncen mata, kuma yana da wuyar fahimta sai an natsu.

Na zaci za ki ce to, ki juya, maganar ta wuce. Sai na ga kin janye ƙafafunki da kika miƙe ta wajen littafin, kin gyara mayafi, kin ce Allah ya ƙara basira, Allah ya sa mu samu tubarrakin abin. Baban Ummi yana tsugune bakin rariya yana wanke ƙafa. Ya san littafin, shi ya sayo mini shi da hannunsa. Ya ɗago ya kalle ni sau ɗaya, ya mayar da kansa kan butarsa. Bai ce komai ba ranar, bai ce ba washegari. Na fi son a ce ya yi mini faɗa.

Daga ranar kika ɗauke mini aikin gida. In na tashi zan ɗora tukunya ki ce in koma kan karatuna, ladan na gidan nan ne duka. Ke da kika zo a duba miki ido, ke ce a bakin murhu cikin hayaƙi, kina azumi, kina dama kunu, kina tankaɗe, kina yi wa Haidar wanka. In yara suka matso ƙofata da hayaniya ki kore su da muciya, ki ce uwarku tana neman mana lahira ku kuna neman kunnenta. Ni kuma ina bayan labule, na jingina da filo, ina wani gidan bene mai sanyi da ban taɓa gani ba, ina jiran likita ya gane cewa ƙarya aka yi wa matarsa. Na ji kunya kwana ɗaya. A kwana na biyu na fara jin daɗi. Wannan ita ce gaskiyar da ta fi yi mini nauyi. Tsoro ne ya sa na yi ƙaryar, amma daɗi ne ya sa na riƙe ta.

Akwai ranar da na manta littafin a kan tabarma na shiga kewaye. Da na fito na hango ki kin ɗauke shi da hannu biyu, kin yi bisimilla, kin share shi da gefen mayafinki, kin kai shi kan akwatin da muke ajiye Alƙur'ani, kin ɗora a gefensa. Kika ce mini a hankali, kamar mai tsoron ɓata mini rai, irin wannan ba a barinsa a ƙasa inda ƙafa ke bi. Har kika tambaye ni ko ya halatta ki taɓa shi ba alwala. Na ce ya halatta. Na jira kika fita na sauke shi da sauri kamar na ɗauko garwashi. Amma ban daina karantawa ba.

A wajen labulen nan kuwa, ku kuna ta gina abin da yanzu 'ya'yana suke kira lokacin daɗi.

Ke kika sa Baban Ummi ya tona gidajen dara a gindin bishiyar zogale. Ba kya kiran sunansa tunda ɗan fari ne, Mai Yadi kike ce masa. Kika ce Mai Yadi ya zauna yana ta hamma kamar tsohon kare, ya zo a gwada shi. Ya yi dariya ya ce yaushe mata suka fara dara. Kika ce tun kafin a yanke masa cibiya kike cinye ubansa a bukkar gona. Ƙwallayen dabinon da muke tarawa bayan shan ruwa su ne 'ya'yanki, shi kuma tsakuwa. Ina jin ihun yara duk lokacin da kika jera uku kika ɗauke masa ɗa. Ina jin sa yana rantsuwa cewa kin matsar da ɗaya da yatsan ƙafa, ke kuma kina cewa mai yanar ido ina ta ga abin matsarwa. Ban taɓa jin mijina yana irin wannan dariyar ba. Na ɗaga labule kaɗan na leƙa, na saki, na koma shafina.

Kin zare karare daga jikin rumfa kin yi wa Haidar mota, da ƙafafu na fasasshiyar ƙwarya. Kin kwaɓa laka a gindin randa kun yi shanu, kin shanya su a kan katanga, kowace da sunanta irin na Fulani, kina ce masa mijina marar cefane, ga garke na ba ka, saura ka kawo nono. Ummi kuma, takwararki, kin koya mata carafke har ta iya kwashe huɗu kafin ta sama ta sauko. Da la'asar, lokacin da yunwa ke sa kowa shiru, sai ki fara tatsuniya. Baban Ummi ya ce ai ba a tatsuniya da rana, mutum ɓata yake yi. Kika ce wa zai ɓata a gidan da aka hana fita? In mutum ya ɓata a nan, a duba bayan randa.

Kullum kafin ku fara sai kin ɗaga murya ta wajen ƙofata: Amarya, in kin kai aya ki fito. Kullum sai in ce to, Inna. Daga baya Ummi ta faɗa mini cewa kina ware tsakuwa biyar masu santsi ki ajiye a gefen tabarma, ki ce na Mama ne, kada wanda ya taɓa. Ban sani ba a lokacin. Ko da na sani, zan fito? Littattafan nan ba su da aya, Inna. Kowane shafi yana ƙarewa ne a inda dole ka buɗe na gaba. Na gama na biyu na ɗauko na uku, na gama na uku na jawo kwalin da ke ƙarƙashin gado, na cire takardar kalanda na naɗe wani da ita. A wajenki littafi ɗaya ne nake ta fama da shi saboda wuyarsa.

Tun ina yarinya a gidanmu na Katagum haka nake. A raina rayuwa ta gaske tana can wani wuri, inda ake magana mai daɗi, ake ba da kyautar turare, ake kuka a cikin mota. Abin da ke gabana kuwa, tsintsiya da tukunya da miji mai ƙanshin sabon yadi, na ɗauke shi zaman jira ne kafin labarina ya fara. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa tsohuwa mai ciwon ido tana cin ɗanta dara da ƙwallon dabino shi ne abin da za a riƙa tunawa.

Abu biyu suna hana ni sukuni. Wata rana marainiyar labarin ta rasa jaririnta, na yi ta kuka har da shessheƙa. Kika leƙo kika ga hawaye, kika koma da baya a hankali, na ji kina gaya wa Baban Ummi cewa tsoron Allah ya ratsa yarinyar nan, sai ya riƙe matarsa da kyau. Ran nan, da aka zo shan ruwa, ke kika miƙo mini kofin farko. Amma wata ranar kuma na tuntsire da dariya ban sani ba, sai na ji muryarki daga tsakar gida kina cewa, ashe hukuncin matan ma akwai na ban dariya. Kika ci gaba da tsince shinkafa. Kin sani ne, Inna? Kin gane tun farko kika rufa mini asiri, kika bar ni in fito da ƙafata? Ko kuwa da zuciya ɗaya kika faɗa? In kin sani, to kin yi ta jirana ban zo ba. In ba ki sani ba, to na ci amanar mutumin da bai taɓa zargina ba. Na juya su duka biyun, ban samu wanda zan kwanta a kansa ba.

Ranar da aka ce an buɗe hanya ce kaɗai na fito. Na zo na zauna a bakin tabarma daidai lokacin da kike rufe tatsuniyar kurciyar da ta je aron wuta gidan damo, wadda kika yi kwana uku kina ja musu. Jimla biyu na samu. Kika dube ni kika ce Amarya ta kai aya. Washegari kika hau mota.

Shekara biyu kika yi bayan nan. Na je Disina sau huɗu, kin zo sau biyu. Kowane zuwa da niyyar faɗa miki nake tafiya. Sai in tarar kin riga kin gaya wa matan gidan cewa matar Mai Yadi malama ce, ta kwashe azumi guda ba ta ɗaga kai daga littafi ba. Su matsa mini a tabarma, su ba ni wuri mai kyau. Wata ta taɓa tambayata hukuncin ramuwar azumin mai shayarwa, na amsa da ɗan abin da na tuna daga Islamiyya. Ke kuma kina gefe kina murmushi. Ta ina zan fara? Na ce sai wani zuwan. Sai aka bugo waya da safe aka ce kin cika, zazzaɓin kwana biyu ne.

Bari in ba ki labarin gida, na san da shi za ki fara tambaya. Haidar ya shiga aji ɗaya, ya yi ta kuka kwana ukun farko, yanzu shi ke tashin mu. Haƙoran Ummi na gaba sun fito, manya, irin naki. Akuyar da kika ba ta ta haifi biyu, ɗaya bai zauna ba. Zogalen ya fi katanga tsawo. Ruwan bana ya cike gidajen dara, Baban Ummi ya sake tona su, amma ba ya samun abokin yi, sai ya zauna shi kaɗai yana jera tsakuwa yana kwashewa. Shanun laka duk sun narke sai guda ɗaya mai karyayyen ƙaho da Haidar ya ɓoye a cikin gwangwanin madara. Gwaggo Hansatu, ƙanwarki, ta koma ɗakinki da zama, ta ce ba za ta bari a rufe shi ba.

Akwai hotunan kwanakin kullen a wayar Baban Ummi. Yara ba sa gajiya da kallonsu. Ga ki da laka har gwiwar hannu. Ga ki kin ɗaga ƙwallon dabino sama kina yi masa gwalo. Ga Ummi a bayanki tana yi miki kitson da bai kamu ba. Na duba su ɗaya bayan ɗaya, ba ni a ko ɗaya. A guda ɗaya ne kawai, can gefe, ake ganin labulen ɗakina da yatsun ƙafata a ƙasansa. Ummi ta tambaya ina Mama take a nan. Kafin in yi magana Haidar ya ce Mama tana nema mana lahira. Da muryarki ya faɗa, har da yadda kike jan ƙarshen magana. Na tashi na shiga kicin.

Kwanan baya kuma Ummi ta ce in yi musu tatsuniyar kurciya da damo. Ta riƙe farkon, ni na san ƙarshen, tsakiyar ta ɓace mata. Babansu ya ce shi gyangyaɗi yake yi a lokacin. Na gwada ƙirƙiro wani abu daga kaina, ni da na karanta labarai sun fi a ƙirga, ta ce ba haka Inna ta ce ba, ta juya mini baya. Ina gida ɗaya da tsakiyar labarin nan, labule ne kawai tsakaninmu.

Ranar sadakar arba'in ɗinki, bayan an watse, Gwaggo Hansatu ta kira ni ɗakinki a gaban matan gidan. Ta buɗe kwallarki ta ciro wani abu a naɗe. Gafaka ce, irin wadda ake saka Alƙur'ani, amma ƙarama. Na gane yadin, zaninki ne mai ruwan ƙasa da kika zo da shi Azare. Ɗinkin hannu ne, layin ya karkace, wani wurin allura ta koma ta bi inda ta riga ta bi. Gwaggo ta ce wata biyu kika yi kina ɗinka ta a bakin ƙofa inda haske ya fi yawa, sai an zura miki zare. Kin ce littafin Amarya takarda ce kawai a jikinsa, zai yage. Kin auna girmansa da tafin hannunki tun ranar da kika ɗauke shi daga tabarma. Ta ce kin bar saƙo: in an kwana biyu in zo da littafin in riƙa karanta wa matan gidan, ko shafi ɗaya ne, su ma su samu. Matan suka ce Allah ya ba da iko. Na karɓa da hannu biyu. Sun zaci kukan rashinki nake yi.

Ba zan ɓoye miki abin da na yi bayan nan ba. Da muka dawo Azare na je wajen masu sayar da littattafai a bakin kasuwa, na sayi littafin hukunce-hukuncen mata na gaske. Na zaɓi mai girman wancan. Na naɗe shi da takardar kalanda. Na zura shi cikin gafakar ya shiga daidai. Na ce shi ke nan, in je Disina in karanta musu, su amfana, saƙonki ya cika, ba wanda ya ji ciwo. Wa zai sani? Kwana shida yana rataye a ƙusa. Duk lokacin da na wuce sai in ga ɗinkin nan naki da ya karkace, in tuna cewa ba wannan kika auna ba. Ƙarya ta farko a firgice na yi ta. Wannan kuwa na zauna na auna ta, na je kasuwa na zaɓo mata girma.

Jiya bayan la'asar Baban Ummi yana gindin zogale yana jera tsakuwarsa. Na je na zauna a ɗaya gefen, inda kike zama. Na ce masa ya tuna abin da na gaya wa Inna ranar nan. Ya ce ya tuna. Na ce me ya sa bai taɓa yi mini magana ba. Ya daɗe yana juya tsakuwa a hannu, sannan ya ce da ya tona ni, da ya kunyata matarsa a gaban uwarsa, da ya yi shiru kuma ya bar uwarsa a bakin murhu, kuma har yau bai san wanne ya fi muni ba. Ashe shi ma yana ɗauke da nasa, ni na ɗora masa. Na tambaye shi ko yana ganin kin sani. Ya ce Inna ba a gane cikinta, ko a dara sai ta gama da kai kake sanin ta ga tarkonka tun ɗazu. Daga nan ya tura mini ƙwallayen dabino ya ce in jera. Ya cinye ni sau uku. Yara suna ta ihu.

Ba zan ce miki na daina karatun littattafan nan ba, kada in ƙara wata ƙaryar a kan ta da. Ina son su har yanzu. Ba su suka yi miki ƙarya ba, ni ce. Da na ce miki labari ne, Inna, amma ina jin nauyin karanta miki, na san dariya za ki yi. Wataƙila ma ki ce in tsallake wurin kunyar in ba ki sauran. Ke da kike ja wa yara labarin kurciya har kwana uku, ai da kin so jin yadda likitan nan ya ƙare da marainiyarsa. Da mun zauna tabarma ɗaya. Wannan ma na hana mu.

Ki yafe mini hayaƙin da ya shiga idonki. Ki yafe mini tsakuwa biyar ɗin da kika yi ta warewa. Ki yafe mini wata biyun da kika yi da allura. Na san yafiyar wanda ya tafi ba a jin ta da kunne, sai dai in yi ta roƙa miki gafara bayan kowace salla, in sa rai.

Ranar Asabar za mu tafi Disina ni da yara. Na cire sabon littafin daga gafakar, na saka na ainihin, bangonsa a buɗe, ba takardar kalanda a bayansa. Zan ajiye shi a gaban Gwaggo Hansatu da matan da kika yabe ni a gabansu, in gaya musu ko mene ne, da abin da kika yi ta yi a gidana ina kwance ina karanta shi. In sun ga dama bayan nan mu buɗe ɗaya littafin tare, a matsayin ɗaliba irinsu. In sun tashe ni daga wuri mai kyau na tabarma, dama ba nawa ba ne. Sannan zan roƙi Gwaggo ta ba mu tsakiyar labarin kurciya da damo, tunda uwa ɗaya ta ba ku shi. Wannan karon a kan tabarma za a same ni.

Allah ya jiƙan ki, Inna, ya sa Aljanna ce makomarki. Sai mun zo.

Surukarki da kike kira Amarya,
Safiya, Maman Ummi
Azare